Kafin Ka Yar da 'Yar Ƙaramar Kwamfutarka

Wata Asabar da hantsi 'yar ƙanwata ta shigo gidana rungume da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi littafin lissafin sakandare faɗi ba. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta dire ta a kan tabarma.

"Kawu, abar nan ta gama yawo. Ko dai a yi mata fomatin, ko a sayar a cika kuɗi a sayi wata."

Tana ajin ƙarshe, furojet ya kai babi na uku, malamin da ke duba aikin ya ba ta mako biyu. Na ce ta kunna ta yi abin da ta saba yi, kada ta canza komai don ina kallo. Ta buɗe burauza, shafuka 14 da ta bari daren jiya suka dawo gaba ɗaya, har da WhatsApp da wani bidiyon YouTube da aka tsayar a tsakiya. Ta buɗe babin nata a kai. Da ta fara bugawa sai ta rubuta kalma biyar allon bai nuna komai ba, can sai haruffan su zubo a tare kamar an buɗe wa 'yan firamare ƙofa lokacin tashi. Ni kuwa idona na kan wata 'yar fitila a gefen kibod, wadda ke nuna ma'adana tana aiki. Ta kama ci ba ƙiftawa.

Wannan fitila ita ta gaya mini ciwon. Fomatin zai yi mata maganin kwana biyu, ranar na uku ta koma gidan jiya. Na san da yawa cikinku, ƙannena, irin wannan na'ura ce a hannunku: wani yayanku ya bar muku, ko kun tara kuɗin aikin hutu kun sayo ta a gwanjo. Da ku nake magana, kuma zan faɗa muku har da wautar da na tafka da kaina.

Ku fara sanin asalin abin da kuke riƙe da shi. A ƙarshen 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da Eee PC 701, mai allo inci 7, RAM megabait 512, ma'adanar SSD gigabait 4, tana tafiya da wani nau'in Linux. Ta zo ne a bayan shirin nan na Nicholas Negroponte na ba kowane yaro kwamfuta, wanda 'yar koriyar na'urarsa XO ta iso makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007 ɗin, da RAM megabait 256 kacal. A 2008 Acer da Dell da Samsung da sauransu suka bi sahu, galibi da injin Intel Atom N270. In kun lura, kusan dukkansu RAM gigabait 1 gare su kamar an haɗa baki. Akwai dalili: Microsoft ya gindaya cewa na'urar da za a ba Windows XP a farashi mai rahusa kada RAM ɗinta ya wuce haka. iPad ya fito a 2010, wayoyi suka yi ƙarfi, zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer suka daina ƙera su. Jinsin dai bai ƙare ba, suna kawai ya sauya. HP Stream ta 2014 da ƙananan Chromebook da ire-irensu, masu RAM gigabait 2 ko 4 da ma'adana 16 ko 32, jikokinsu ne. Duk an yanka musu riga daidai da intanet na zamaninsu. Yau matsakaicin shafi ya haura megabait 2 kafin ma burauza ta kwance shi ta baza, inda yakan kumbura ya ninka sau da yawa. Kwamfutar tana nan yadda take, kayan da ake ɗora mata ne suka yi ƙiba.

Kalmar "memori" ta rikita mu, domin da ita muke kiran abu biyu da ba su haɗa hanya ba. Ku ɗauki mai kanti. Yana da kanta a gabansa, inda yake baza abin da ake ciniki yanzu, yana kuma da sito a baya inda kaya ke kwana. Kanta ita ce RAM: hannu kawai zai miƙa. Sito shi ne SSD: sai ya tashi, ya shiga, ya lalubo. Tsakanin miƙa hannu da shiga sito, a lissafin kwamfuta, tazarar ta kai ninki ɗaruruwa zuwa dubu. Muddin kanta na da wuri, ciniki na gudu. Ranar da ta cika, duk abin da aka tambaya sai ya ɗauke wani ya kai sito kafin ya samu inda zai ajiye sabon, an jima kuma a tambayi wanda ya kai ɗin. Haka zai wuni yana safa da marwa, masu saye na tsaye. A Linux sunan wurin da ake kai rarar swap, a Windows fayil ne mai suna pagefile.sys. Ni ɗakin rara nake ce masa. Fitilar da na ga tana ci ba ƙiftawa, mai kanti ne ke zirga-zirga tsakanin kanta da ɗakin rara, ba wani aikin da yake yi wa mai furojet.

Sai kuma halin SSD ɗin kanta, wanda in kun gane shi rabin shawarwarin da za ku ji a gari za ku iya tace su da kanku. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa karanta abin da ke kan allo ba wuya, rubutu a wankakken allo ma ba wuya. Wahala tana wajen sake rubutu a inda aka riga aka rubuta: sai an wanke, an jira ya bushe. Haka ma'adanar filash take. Tana rubutu a ƙananan gurabe, kamar kilobait 4, amma ba ta iya gogewa sai babban yanki guda, wanda kan kai kilobait ɗaruruwa. In za a gyara gurbi ɗaya a yankin da ya cika, sai ta kwafe sauran zuwa wani wuri, ta wanke yankin duka, sannan ta rubuta. Idan akwai wankakkun alluna jibge a gefe, ba ta jira, sabo take ɗauka. Idan ma'adana ta cika maƙil, kowane ɗan rubutu sai an yi wanki. SSD masu araha na 2008 sun yi ƙaurin suna a nan, har kwamfuta kan daskare na daƙiƙa ɗaya ko biyu saboda 'yan ƙananan rubuce-rubuce. Irin wadda ake kira eMMC, da ke manne a jikin na baya-bayan nan, ta fi su dama, amma ita ma 'yar uwar katin memorin waya ce, ba ta kai SSD ta gaske ba. To ku haɗa biyun: RAM ya cika yana tura rara, ɗakin rara kuma yana kan ma'adanar da ƙananan rubutu ne abin da ta fi tsana. Ta 'yar ƙanwata RAM gigabait 2 gare ta, ma'adana 32, kuma abin da ya rage a ciki bai kai gigabait 1 ba.

Ga wautar tawa. A 2010 ina da irin wannan na'ura, mai RAM megabait 512 da SSD gigabait 8. Maganar da ta cika ko'ina a lokacin ita ce SSD tana da adadin rubutun da za ta ɗauka kafin ta mutu, don haka a kashe ɗakin rara, a kashe duk abin da ke rubutu. Maganar tana da tushe, kowane yanki yana da iyakar wankin da zai jure. Ni kuwa na ɗauke ta da zafi. Na kashe swap, na bi manhajar rubutu na kashe adanawar da take yi da kanta lokaci-lokaci, wai ina tausaya wa SSD. Wani dare ina fassarar wata doguwar takarda da za a karɓa da safe, na buɗe ƙamus a burauza, na ƙara wani shafi. RAM ya cika, ba inda za a kai rara. Linux ya yi abin da aka tsara masa in tura ta kai bango: ya dubi manhajar da ta fi cin wuri ya kashe ta. Manhajar rubutuna ce. Aikin awa uku ya tafi, na kwana ina sakewa. Abin haushin, waccan SSD da na yi ta lallaɓawa ta ga mutuwar batir, ta ga karyewar maratar allo, ta ga kibod ya zubar da haruffa uku, ita tana nan daram. A duk waɗanda suka ratsa hannuna tun daga nan, haka jerin yake tafiya. Kada ka kashe ɗakin rara, ko a Windows ko a Linux. Abin da ake so shi ne a rage yawan zuwa can.

Mataki na farko ba ya cin ko sisi: duba kafin ka sha magani. A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ka yi aikinka yadda ka saba, ka riƙa leƙa layuka uku: inji, RAM, ma'adana. A Linux htop zai nuna maka haka, ko ka rubuta free -h ka dubi lambar da ke ƙarƙashin available. Wannan lambar ce abin dubawa, domin Linux yakan cika RAM ɗin da ba a amfani da shi da fayilolin da ƙila a sake nema, ya kuma sake su nan take in an buƙaci wurin. In RAM ya haura kashi 90 cikin ɗari, ma'adana na kan 100, inji kuwa na hutawa, ciwon da na bayyana ne. In inji ne ke kan 100 alhali RAM na da wuri, wani ciwon ne daban, galibi bidiyo ne ko zafi, kuma zan zo kansa.

A wajen yarinyar nan, kamar yadda zai kasance a wajen tara cikin gomanku, burauza ce ta cinye kantar. Nan ne gyaran da ya fi kowane tasiri yake, kuma shi ne wanda ba a son ji, domin hali ne za a canza. Shafi uku ya ishe ka aiki. Wanda kake cewa za ka dawo ka karanta, adana adireshinsa ka rufe, ni da kai mun san ba yau za ka dawo ba. WhatsApp da YouTube da Facebook ka bar wa wayarka. Wayar da ke aljihun yawancinku ta fi kwamfutar RAM, kuma an gina manhajojin nan don ita. Abin da kwamfutar ta fi waya shi ne kibod da faɗin allo, to a bar ta ta yi rubutu da karatu. Sannan ka sa mai tare talla. uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya rubuta, kyauta ne, kuma a Firefox yake aiki da cikakken ƙarfinsa tun da Chrome ya sauya dokokinsa. Tallace-tallace da 'yan leƙen asirin da ke biye da su sukan fi labarin da ka zo karantawa nauyi. Ranar da ka tare su, RAM zai numfasa, datarka ma za ta ƙara kwana. Sauran ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza kuwa, masu sauya launi da masu alƙawarin saukar da bidiyo, cire su duka.

Akwai wani ɗan gyara a Firefox ga mai tsohuwar SSD. Duk daƙiƙa 15 yakan rubuta jerin shafukan da ka buɗe a ma'adana, don in wani abu ya faru ya dawo maka da su. Rubuta about:config a wurin adireshi, nemo browser.sessionstore.interval, za ka ga 15000. Mai da shi 300000, wato minti biyar. Sai dai in batirinka ya mutu, kwamfutar da wutar NEPA kawai take rayuwa, ka san abin da ka saya: in aka ɗauke wuta, shafukan minti biyar na ƙarshe sun tafi. Wasu za su ce ka kashe ma'ajiyar wucin gadi ta burauza gaba ɗaya. Ban ba ka wannan shawara ba. Duk hoton da ba a ajiye ba sai an sake sauke shi, kuma kai ke sayen data.

In kana da 'yan kuɗi, kafin ka kashe su a ko'ina juya kwamfutar ka dubi cikinta. Tsofaffin masu Atom da yawa suna da 'yar murfi a ƙasa, ƙusa ɗaya ko biyu, a ciki akwai sandar RAM guda da ake zarewa. Iyakar abin da suke ɗauka gigabait 2 ne, galibi DDR2, wasu na baya DDR3, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. Tafi da kwamfutar kanta kasuwa, a sa a gabanka, a kunna ka ga lambar ta canza kafin ka biya. Daga 1 zuwa 2 ba ƙaramin sauyi ba ne, babu wata dabarar manhaja da za ta kamo shi. Amma masu eMMC yawanci RAM ɗinsu a liƙe yake da dalma, ba rami. In wani ya ce zai ƙara maka da manhaja, ko zai mai da filash ɗinka RAM, riƙe kuɗinka. Abin da ake kira ReadyBoost an yi shi ne tun zamanin Windows Vista don taimakon tsohon faifai mai juyawa, Windows da kansa yakan ƙi kunna shi in ya ga SSD mai sauri. Manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka da ke cewa za su wanke RAM, abin da suke yi shi ne su kwashe kayan kanta su tura ɗakin rara da ƙarfi, lamba ta yi kyau na minti ɗaya, sannan mai kanti ya koma kwaso su ɗaya bayan ɗaya. Su kansu wuri suke ci.

Yanzu babbar magana, wadda za ku yi ta gardama a kanta a ɗakin kwana: Windows ko Linux. Ga ra'ayina ba kwana-kwana. Na'urar da RAM ɗinta bai wuce gigabait 2 ba, Linux mara nauyi ya fi dacewa da ita. Windows 10 kafin ka buɗe komai ya riga ya zauna a kan fiye da gigabait 1. antiX a tsohuwar na'urata ƙasa da megabait 250 yake tashi, Debian ko Lubuntu masu sauƙin fuska sun fi haka. Wannan bambanci shi ne wurin da babinka da shafukanka uku za su zauna. Ga kuma batun tsaro. Microsoft ya daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa sai RAM gigabait 4 da ma'adana 64 yake karɓa. Shiga asusun banki da Windows ɗin da aka daina toshe wa ɓaraka kamar kwana ne da ƙofa a buɗe a bakin kasuwa. Mai Atom N270 ko N280 ya lura, injinsa 32-bit ne kawai. Chrome ya bar irinsa a Linux tun 2016, dangin Ubuntu sun bar shi bayan 2018, Debian ma ta sauke shi a fitowarta ta 13 a 2025. antiX na cikin 'yan kaɗan da suka rage masa. Ba sai ka goge komai ba kafin ka gwada: a sa maka a filash, ka tayar da kwamfutar daga can, ka tabbatar wayales da sauti da kibod suna aiki. Ka kuma nemo tsarin kibod na Hausa, yana ciki, ka huta da rubuta "kasa" inda kake nufin "ƙasa".

Na san akwai mai uzuri. Wani manhajar gwajin JAMB yake so, wani sashensu ya ce lallai SPSS, kuma waɗannan galibi Windows suke nema. Ga mai lissafin furojet akwai PSPP, kyauta, tana yin yawancin abin da ɗalibin digirin farko ke buƙata, amma ka tambayi malaminka tukuna. Wanda dole ta sa ya zauna a Windows, ya shiga Task Manager, sashen abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, ya kashe duk wanda ba ya buƙata. Ya cire riga-kafin bairos na biyu da na uku da aka jibga masa a shago, wanda ya zo da Windows 10 ya isa, biyu kuwa faɗa suke yi da juna a kan kantarka. Ya buɗe wurin rubuta umarni a matsayin mai gida ya rubuta powercfg /h off, wannan zai share fayil ɗin dogon barci da ke cin ɗaruruwan megabait ko fiye. Ya ƙara da compact /compactos:always, wanda ke matse fayilolin Windows ɗin kansa ya dawo maka da kimanin gigabait 2. A ma'adana mai 32 wannan dukiya ce.

Ga wanda ya koma Linux, akwai abu guda da na fi so ku riƙe a duk rubutun nan, sunansa zram. Wanda ya taɓa ganin ana danna auduga a buhu a Funtua ko Gusau ya riga ya fahimce shi: tulin da ya cika ɗaki, in an danne shi, sai ya koma ƙulli a lungu. zram yana yanke wani sashe na RAM ya mai da shi ɗakin rara, duk abin da aka tura can sai a matse shi, galibi ya koma rabi ko sulusi. Maimakon mai kanti ya tafi sito, ƙarƙashin kanta yake cusa ƙullin. Inji yana ɗan wahala wajen matsewa da kwancewa, amma ko raunannen Atom ya fi saurin yin haka a kan jiran SSD mai araha. Ba sabon abu ba ne kuma ba gwaji ba ne: ya samu cikakken zama a zuciyar Linux a 2014, Chromebook da wayoyin Android da yawa da shi suke tafiya, Fedora ta mai da shi abin da ke zuwa a kunne tun 2020. Windows 10 ma yana da irin nasa matsin da ke aiki da kansa. A Debian da danginta sai ka sa zram-tools, ka buɗe fayil ɗin /etc/default/zramswap, ka zaɓi lz4 in injinka rarrauna ne domin ya fi sauri, ko zstd in yana da ɗan ƙarfi domin ya fi matsewa. Girman kuwa, ga mai gigabait 1 ko 2, ni nakan sa daidai da RAM ɗin duka, domin lambar tana nufin kayan kafin a matse su. Ka bar ɗan ƙaramin swap a SSD a bayansa don ranar da buhu ya cika.

Nan ma akwai tsohuwar shawara da ta juye. Linux na da wata lamba, swappiness, da ke nuna saurin kai kaya ɗakin rara, tana zuwa a 60. Za ku ji an ce a mai da ita 10. Wannan daidai ne lokacin da ɗakin rara ke kan ma'adana mai nawa. In ka kunna zram, ɗakin ya dawo kusa, sai ka ɗaga ta zuwa 100 ko sama. Haka batun noatime da za ku gani a tsofaffin bayanai: tun 2009 Linux ya rage yawan wannan rubutu da kansa, ribar da ta saura kaɗan ce, sa shi ba laifi, barinsa ba asara. Masu cewa a mayar da fayilolin wucin gadi cikin RAM kuwa sun manta da wa suke magana. Mai gigabait 8 zai iya. Kai da kantarka ta riga ta cika, ina za ka ɗora su? Duk shawarar da ka samu, dubi shekarar da aka rubuta ta da irin na'urar da aka rubuta wa.

Ita SSD abu biyu take so a wajenka. Na farko fili: bar mata aƙalla kashi ɗaya cikin biyar ba komai, don ta samu wankakkun alluna. Finafinai da hotunan biki su koma katin memori ko filash, amma ka gwada katin ta hanyar cika shi da kaya ka sake buɗe su, domin na jabu sun yi yawa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa bai kai 8 ba. Kada kuma ka sa ɗakin rara a kan kati, ya fi SSD ɗin nawa. Na biyu shi ne TRIM, wato kwamfuta ta riƙa sanar da SSD waɗanne gurabe ne aka gama da su don ta wanke tun kafin a buƙata. Windows yana yi da kansa tun daga Windows 7. A Linux ka tabbatar fstrim.timer na kunne, mako-mako yake yi. Na farkon nan na 2008 da yawa ba su san TRIM ba, su fili ne kaɗai gatansu. Tsohon aikin nan na tattara fayiloli wuri guda da ake yi wa faifai mai juyawa kuwa, kada ka sa wata manhaja ta yi wa SSD, wanki ne kawai na banza.

Na ce zan dawo kan inji. In bidiyo ne ke sa shi haki, sauke ingancin zuwa 360 ko 480, ko ka saukar da darasin ka kalla da VLC ko mpv, sun fi burauza sauƙi nesa ba kusa ba. In kuwa kwamfutar takan fara da sauri ta yi sanyin jiki bayan rabin awa, taɓa ƙasanta. Inji in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu takan toshe fanka ta zama kamar audugar katifa, zafin Afrilu ya zo ya same ta a haka. A buɗe a share sau ɗaya a shekara. Marasa fanka ta ƙasa suke fitar da zafi, don haka katifa da bargo da cinya ba wurin zamansu ba ne. Ɗora ta kan katako ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta.

Ba zan ruɗe ku ba, akwai iyaka. Na'urar nan ba za ta yi muku haɗa bidiyo ba, ba za ta ɗauki manyan manhajojin zanen gini ba, taron Zoom ma da kyar. Wanda karatunsa ke buƙatar waɗannan ya fara tari. Amma rubutu, karatun littattafai, lissafin kasuwa, koyon rubuta manhaja da Python, duk za ta yi, kuma wanda ya koyi aiki a inda kowane megabait ke da daraja yakan fito da hannu mai tsafta.

Ranar nan ba mu taɓa komai ba sai da muka kwafe furojet ɗin a filash, muka kuma tura kwafi ta imel, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan muka kwashe finafinan Indiya gigabait 9, ta ce ba nata ba ne, na ƙawarta ne, na ce na yarda. Muka gwada Linux daga filash, wayales ya kama, muka girka, muka kunna zram, muka sa mai tare talla. Kafin la'asar ta buɗe babi na uku da shafuka uku a gefe, ta buga layi guda, haruffan suka bi yatsunta. Ta dubi 'yar fitilar, tana ƙiftawa jefi-jefi.

"Kawu, to WhatsApp ɗin fa?"

Na nuna mata wayarta.

A kan wannan kwamfuta ta buga babi na huɗu da na biyar. Yanzu tana hannun ƙanenta, ɗan aji biyar na sakandare, kuma ko kobo ba a kashe mata ba.